Yadda Ake Gane Ƙwararren Mai Jinyar Gyaran Tunani

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wata 'yar'uwa da ta nemi a sakaya sunanta. Ga abin da ta rubuto a taƙaice:

"Assalamu alaikum Malama. Na daɗe ina fama da wata irin firgita da ke taso mini ba zato ba tsammani. Gabana ya riƙa faɗuwa, numfashina ya sarƙe, hannuwana su yi sanyi, har in ji kamar raina ne zai fita. An yi mini gwajin zuciya da na jini aka ce ƙalau nake, sai likita ya ce ciwon firgici ne, in nemi wanda ya iya jinyar gyaran tunani da ake kira CBT. Na samu wani a intanet na yi ta zama da shi, amma ba abin da muke yi sai in ba shi labarin makona, shi kuma ya ce in daina sa abu a raina, in riƙa tunanin alheri. Ban ga sauƙi ba, har ma na daina shiga taron jama'a da motar haya. Duk wanda na duba shafinsa sai in ga ya rubuta cewa ya iya CBT. Ta yaya zan gane na gaskiya? Kuma ina jin nauyin in tsare mutum da tambayoyi a kan takardunsa, kada ya ga kamar na raina shi."

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kin yi abin da ya dace da kika fara da gwajin jiki, domin ƙarancin jini da matsalar tayirod (wata halitta da ke gaban wuya) da wasu cututtukan zuciya sukan zo da alamomin da suka yi kama da firgici, kuma ba ya kyautu a tsallake su a tafi ga tunani kai tsaye. Amma zan gaya miki gaskiya tun daga farko: bisa bayanin da kika yi, abin da aka yi miki a wancan zaman ba jinyar gyaran tunani ba ce. Mai yiwuwa mutumin yana da kyakkyawar niyya, kuma sauraro kansa yana sanyaya zuciya, sai dai likitanki ya tura ki neman wani takamaiman aiki ne mai tsari, kuma har yanzu ba ki same shi ba. Saboda haka kada ki ɗauka cewa kin gwada hanyar ta ƙi ki.

Abin da ya sa zan iya faɗin haka ba tare da na ga mutumin ba shi ne, wannan jinya tana da siffa sananniya wadda aka rubuta dalla-dalla. Wanda ya assasa ta, marigayi Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa ne da ya yi aiki a Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka. A shekarun 1960 ya lura cewa masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke gilmawa a zuciyarsu da sauri, kamar "ni ba ni da amfani" ko "ba zan taɓa yin nasara ba", kuma waɗannan tunane-tunanen ne ke jan yanayin ransu ƙasa ba tare da sun tsaya sun bincika gaskiyarsu ba. Ya gina hanyar koya wa mara lafiya yadda zai cafke irin wannan tunani, ya auna shi da hujja, ya gwada shi a aikace. A 1977 shi da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya kwatanta hanyar da wani maganin damuwa na sha, a 1980 kuma shi da Jeffrey Young suka fitar da ma'aunin tantance mai jinyar kansa, wanda ke duba abubuwa 11 a cikin zama guda, kowanne da maki daga 0 zuwa 6, kuma galibi ana ɗaukar maki 40 daga cikin 66 a matsayin mafi ƙarancin shaidar ƙwarewa. Daga cikin abubuwan da ake dubawa akwai tsara ajandar zama, da aiki kafaɗa da kafaɗa da mara lafiya, da neman jin ra'ayinsa, da ba shi aikin gida. Ma'ana, masu sana'ar da kansu sun amince cewa ana iya sauraron zama guda a ce wannan ya iya, wancan bai iya ba. Idan su suna auna junansu haka, babu rashin ladabi don ke ma kin duba.

Bari in nuna miki yadda aikin yake a kan ciwonki, domin da zarar kin san kamanninsa, rabin wahalar zaɓe ta ƙare. A 1986 wani masani ɗan Ingila mai suna David Clark ya bayyana yadda firgici ke kunna kansa da kansa. Mutum ya ji bugun zuciyarsa ya ɗan ƙaru, wataƙila don ya hau bene ko don zafi, sai tunani ya gilma cewa zuciyar za ta tsaya. Wannan tunanin ya tsorata shi, tsoron ya sa jiki ya saki sinadarin adirenalin, bugun ya ƙaru, numfashi ya yi sauri, kai ya fara juyawa, sai mutumin ya ɗauki wannan a matsayin tabbacin cewa lallai mutuwa ce ta zo. Cikin 'yan mintuna abin ya kai ƙololuwa. Ƙwararren mai jinya zai ɗauki takarda a gabanki ya ce ki ba shi labarin firgitar ƙarshe da kika yi: ina kike, me kika fara ji a jikinki, me ya zo miki a rai a daidai wannan lokacin, kashi nawa cikin ɗari kika gaskata shi, me kika yi don ki tsira. Sannan ku zana wannan da'irar tare, da kalmominki. Zai tambaye ki game da ƙananan dabarun da kike fakewa da su, irin su zama kusa da ƙofa, ko taɓa wuyan hannu don jin bugun jijiya, ko ƙin fita sai da ɗan rakiya, domin waɗannan ne ke hana ƙwaƙwalwa ta gane cewa ko ba su babu abin da zai same ki. Daga baya, tunda likita ya tabbatar zuciyarki lafiya take, zai iya neman ku yi numfashi da sauri na ɗan lokaci tare, ko ku yi gudu a tsaye a cikin ɗaki, don ku tayar da alamomin da gangan ki gani da idonki cewa suna zuwa su wuce. Bayan haka sai a koma ga motar haya da taron jama'a mataki-mataki, kina rubuta abin da kika yi hasashen zai faru da abin da ya faru a zahiri.

Kin ga ke nan nisan da ke tsakanin wannan da "ki daina sa abu a ranki". Umartar mutum ya daina tunani ba ta korar tunanin, sau da yawa ma ƙara masa ƙarfi take yi, kuma tana barin mara lafiya da jin cewa laifinsa ne da ya kasa. Mai jinyar gyaran tunani ba ya cusa miki tunani mai daɗi, tambayoyi yake yi miki har ki gano da kanki inda tunanin ya yi ƙari ko ya tsallake hujja.

Yanzu ga batun takardu, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa saboda suna haɗa abubuwa biyu daban. Na farko shi ne lasisin sana'a, wato izinin da hukuma ta ba mutum ya kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa tun asali. Likitan ƙwaƙwalwa ya karanta aikin likita ne kuma yana rubuta magani. Masanin halayyar ɗan'adam na asibiti ya ƙware a bincike da jinya ta hanyar magana, kuma a mafi yawan ƙasashe ba ya rubuta magani. Akwai kuma ma'aikatan jinya na sashen ƙwaƙwalwa da jami'an walwalar jama'a na asibiti. Kowace ƙasa tana da nata tsarin rajista, kuma yana da kyau ki san cewa ba kowane laƙabi doka ta tsare ba. A Birtaniya, alal misali, ba mai kiran kansa masanin halayya na asibiti sai wanda ke cikin rajistar hukumar HCPC mai kula da ma'aikatan lafiya, amma kowa na iya buɗe ofis ya kira kansa mai ba da shawara ko mai jinya ba tare da ya karya doka ba. A Amurka kuwa kowace jiha ce ke ba da nata lasisi. Amfanin lasisi a wurinki shi ne akwai inda za ki kai ƙara idan an cuce ki, kuma mutumin ya san yana da abin da zai rasa. Ki nemi sunan hukumar da lambar rajista, sannan ki duba a shafin hukumar da kanki, domin hoton satifiket a bango ko a shafin sada zumunta ba wuyar haɗawa ne da shi ba.

Abu na biyu shi ne horo na musamman a kan wannan jinya, kuma lasisi ba ya tabbatar da shi. Akwai manyan likitocin ƙwaƙwalwa masu gaskiya da ba su taɓa gudanar da ita ba, akwai kuma masana halayya da suka ji ta a lacca kawai lokacin karatu. Mafi yawan waɗanda kike gani sun rubuta CBT a shafinsu ba ƙarya suke yi kai tsaye ba, sun halarci bitar kwana biyu ko sun yi kwas a intanet an ba su takarda. To amma wannan sana'a ba ta samuwa da sauraro. Don ki sami abin kwatance, ƙungiyar BABCP ta masu wannan jinya a Birtaniya, wadda aka kafa a 1972, tana neman sa'o'i 450 na horo, da sa'o'i 200 na jinyar marasa lafiya a ƙarƙashin kulawar ƙwararre, da aƙalla marasa lafiya 8 da aka bi daga farko zuwa ƙarshe, kafin ta amince da mutum. Cibiyar Beck da ke kusa da birnin Filadelfiya a Amurka, wadda Beck da 'yarsa Judith suka kafa a 1994, ita ma ba ta ba da shaidar ƙwarewa sai an tantance ainihin aikin mutum da mara lafiya. Waɗannan cibiyoyin suna da jerin sunayen waɗanda suka amince da su, kuma ana iya dubawa. Bayan su, wuraren da suka fi dacewa a fara nema su ne likitan da ya tura ki, da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa, da ƙungiyar masana halayya ta ƙasar da kike zaune.

Ba na so ki fahimci cewa duk wanda ba shi da takardar waɗannan manyan cibiyoyi bai cancanta ba, domin a sassa da yawa na duniya masu irin wannan shaida ba su taka kara sun karya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta san da haka, shi ya sa a 2015 ta fitar da littafin jagora na taimaka wa mata masu damuwar goyon ciki da bayan haihuwa, wanda aka gina a kan wannan hanya kuma ma'aikatan lafiya na unguwa ne ke gudanar da shi, bayan gwajin da aka yi a Pakistan ya nuna yana aiki. Abin da ya sa irin wannan shiri ke cin nasara shi ne ma'aikatan suna bin rubutaccen tsari kuma akwai na sama da su da ke duba aikinsu a kai a kai. A ganina, ma'aikaciyar jinya da aka horar sosai kuma take da mai sa mata ido ta fi miki amfani a kan mai manyan digirori wanda ba wanda ya taɓa sauraron yadda yake gudanar da zama.

Wannan ya kawo mu ga nauyin da kika ce kina ji. Na fahimce shi, amma ki tuna cewa za ki ba mutumin nan lokacinki da kuɗinki da sirrin da wataƙila ko 'yan gidanku ba su sani ba. Kuma ba sai kin tsare shi kamar mai bincike ba. Kina iya cewa, a waya ko a zaman farko: "Likita ya ce ciwon firgici ke damuna, ina so in fahimci yadda kuke aiki kafin mu fara. A ina kuka koyi wannan jinya, kuma tsawon wane lokaci? Akwai wanda kuke kai wa aikinku ya duba? Kun taɓa jinyar masu irin ciwona, kuma me za mu riƙa yi a zama?" Wanda ya sha wahalar horo yakan ji daɗin irin wannan tambaya, domin ta ba shi damar nuna bambancinsa da sauran. Wanda ya ɓata fuska, ko ya ce ai ba a tambayarsa haka, ko ya kauce ya shiga yabon kansa da lissafa mutanen da ya warkar, to ya riga ya ba ki amsa, kuma kin huta da ɓata makonni.

Tambayar ƙarshen nan, wato ta abin da za ku riƙa yi a zama, ita ce ta fi kowacce tona asiri, saboda haka ki kasa kunne sosai ga amsarta. Jinyar gyaran tunani ba salo ɗaya ba ce ga kowane ciwo. Ta masu waswasi ta dogara ne a kan fuskantar abin da ke tayar da waswasin tare da barin maimaita wanki ko dubawa, ta rashin barci tana gyara lokutan kwanciya da tashi, ta wanda ya ga tashin hankali tana komawa ga abin da ya faru cikin tsanaki. Idan kika ambaci firgici mutum bai ambaci alamomin jiki da yadda ake fassara su ba, bai kuma ce komai game da komawa wuraren da kike gudu ba, sai dabarun shaƙatawa da jan numfashi kaɗai, to iliminsa a kan ciwonki bai yi zurfi ba. Ki tambayi tsawon lokaci ma. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ba da shawarar sa'o'i 7 zuwa 14 gaba ɗaya ga ciwon firgici, zama ɗaya a mako, a kammala cikin wata huɗu ga mafi yawan mutane. Wani yakan buƙaci fiye da haka idan akwai damuwa ko wata lalura a haɗe, amma wanda ya kasa ba ki ko da ƙiyasi, ko ya ce sai abin da hali ya yi, ba shi da taswirar tafiyar.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma zama uku ko huɗu na farko sun isa ki ga alama. Ya kamata a ce kun amince a kan manufa wadda za a iya gani, kamar ki shiga motar haya ke kaɗai ki je aiki ki dawo. Ya kamata kowane zama ya fara da duba yadda makon ya kasance da aikin da aka ba ki, a tsara abin da za a tattauna, a rufe da tambayarki abin da kika fahimta da abin da bai yi miki daɗi ba. Ya kamata kuma a riƙa auna ci gaba, ko ta ƙirga yawan firgitar da kika yi a mako, ko da gajerun takardun tambayoyi irin su GAD-7 mai tambayoyi 7 na fargaba da PHQ-9 mai tambayoyi 9 na damuwa. Idan an kai zama shida zuwa takwas ba wani motsi, mai jinya na gari shi ne zai fara tayar da maganar, ya sake duba tsarin ko ya tura ki wurin wani. Sai dai in yi miki gargaɗi a nan don kada ki gudu daga wanda ya dace: a makonnin da za ki fara fuskantar abin da kike tsoro, fargabar kan ɗan ƙaru kafin ta sauka, kuma wannan ba alamar kuskure ba ce muddin an yi miki bayani kuma da yardarki ake ɗaga kowane mataki. Aikin gida kuma naki ne, domin sa'a ɗaya a mako ba ta iya canza abin da kike yi a sauran sa'o'in.

Ƙwarewa ba ta kore muhimmancin jituwa. Bincike mai yawa ya nuna cewa ingancin alaƙar da ke tsakanin mai jinya da mara lafiya yana tafiya tare da sakamako, kowace hanya ake bi. Kina da 'yancin ki zaɓi mace idan da ita kika fi sakin jiki, ki nemi wanda ke jin harshen da kike tunani da shi, ki kuma lura ko yana mutunta imaninki da abubuwan da kike ɗauka da daraja. Aikinsa shi ne ya taya ki binciken tunanin da ke cewa za ki mutu a cikin mota, ba ya shiga sauya miki aƙida ko yanke miki hukunci a kan aurenki ba.

Akwai abubuwan da idan kin gan su ba sai kin jira zama na gaba ba. Wanda ya yi miki alkawarin warkewa tabbas, ko ya matsa ki biya kuɗin zama masu yawa a dunƙule ba tare da sharaɗin mayarwa ba, ko ya riƙa ba ki labarin wasu marasa lafiya da alamomin da za a iya gane su, ko ya nemi wata hulɗa ta soyayya ko ta kasuwanci, ki rabu da shi, kuma idan yana da rajista ki sanar da hukumarsa. Haka nan duk wanda ba likita ba ya ce ki ajiye maganin da aka rubuta miki, domin dakatar da magungunan damuwa da na kwantar da hankali farat ɗaya yana iya jawo alamomi masu tsanani, kuma wanda ya rubuta su ne ya kamata ya tsara rage su. Game da sirri, mai jinya na gaskiya zai gaya miki tun ranar farko cewa maganarku amana ce, sai fa idan ranki ko na wani yana cikin haɗari, kuma zai faɗi yadda yake adana bayananki.

Kada abin da ya faru ya sa ki yanke ƙauna daga intanet baki ɗaya, domin jinya ta bidiyo tana aiki ga mutane da dama idan ƙwararre ne ke yin ta. Tambayoyin dai su ne waɗanda na ambata, sai ki ƙara da ko lasisinsa ya ba shi damar kula da mazauna ƙasar da kike, da abin da zai yi idan kin shiga halin gaggawa alhali yana nesa. A ciwonki kuma ki kula kada zama ta bidiyo ya zama wata hanyar guje wa fita.

Shi kuwa wanda kike gani yanzu, kina iya gaya masa cikin ladabi cewa likitanki ya ba da shawarar tsari na musamman na ciwon firgici, ki tambaye shi ko an horar da shi a kai. Idan bai iya ba, ki gode masa ki nemi ya tura ki inda ya dace, babu wani bayani da ya wajaba a kanki fiye da haka. Kafin ki sami sabon, ki fara rubuta kowace firgita a ɗan littafi: rana da wuri, abin da kika ji a jiki, tunanin da ya zo, da abin da kika yi, domin da shi za a fara aiki a zaman farko. Ki koma wurin likitanki ki sanar da shi cewa kin fara ƙaurace wa taro da mota, saboda wannan sabon abu ne da ya kamata ya sani, kuma ki roƙe shi ya rubuta miki takardar turawa zuwa sashen ƙwaƙwalwa. Idan kuwa a wani lokaci kika ji tunanin cutar da kanki ya zo miki, ko ciwon ƙirjin ya sauya kama daga yadda kika saba ji, ki tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a ranar, tare da wani da kika amince da shi.